Farar Rigar Inna Veta

Litinin, 6 ga Maris
Takarda daga ofishin sa ido na gunduma. Madam Tudose za ta zo duba mu ran sha huɗu. A wayata sunanta Annoba. Ƙa'idarsu nas ɗaya ga kowane tsofaffi tara. A gidan tsofaffin nan da nake shugabanta ina da tsofaffi talatin da shida, nas uku. Sauran nas ɗinmu suna Italiya suna wanke iyayen wasu. In adadi bai cika ba, a ci mu tarar kuɗi, sannan a kwashe mutum tara zuwa wani gida can bayan duwatsu, inda 'ya'yansu ba za su taɓa zuwa ba. Nan ɗin ma ba zuwa suke ba.

Laraba, 8 ga Maris
Na kira gidan tsofaffin garin maƙwabta in ari nas ta yini ɗaya, yadda muka saba ranar duba. An riga ni. Shekara ashirin ina koyar da adabi kafin a ba ni gidan nan, ban taɓa karanta littafin da ya kai ƙa'idar nan ƙarya ba.

Alhamis, 9 ga Maris
Inna Veta, ɗaki na shida. Shekararta saba'in da takwas, arba'in daga ciki nas ce a asibitin gari. Takardar shaidarta na bango, farar rigarta na akwati. In na ɗauke ta daga jerin tsofaffi na sa ta a jerin ma'aikata, lissafi ya fita. Ta ce, "Kai Octav, tun ina yi maka allura a ɗuwawu kana ihu na san maƙaryaci za ka zama." Sai kuma ta ce a goge mata rigar, a sa sitati.

Litinin, 13 ga Maris
An shafe bango da fenti. Gidan na warin ƙarya.

Talata, 14 ga Maris
Annoba ta iso ƙarfe tara da jakarta. Ko kofi ta ƙi sha, kamar guba zan ba ta. Abin da na roƙi Inna Veta kawai ta tsaya a baranda ta yi shiru. Ina! Da ta ji riga a jikinta sai ta fara zagayen ɗakuna kamar da, tana yaye barguna. A ɗaki na biyu ta juya Baba Anghel, wanda ya shekara bai tashi ba. Ta ƙwala kira, "Wace ce mai duba? Zo nan, 'yar nan!" A gadon bayansa gyambo ne kamar tafin hannuna. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Inna Veta ta dube ni gaban kowa ta ce, "Darakta, kowane awa biyu ake juya mutum, ba tuwon masara ba ne da za a bari ya kama tukunya."
Annoba ta ce, "Inna, ke kika koya min ɗaure ciwo. Ɗakinki na shida, ko?" Ta rubuta komai. Tara ta tabbata. Kwashewa kuwa ta ba ni kwana talatin in samo nas ta gaske. A bakin ƙofa ta ce, "Malam Octav, adadin nan ba don takarda aka yi shi ba." Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ba haka na nufa ba.

Laraba, 15 ga Maris
Ban yi wa Inna Veta magana ba. Ta ƙi tuɓe rigar.

Juma'a, 24 ga Maris
Na kira Italiya sau shida. Doina, ɗaya daga cikin nas ɗinmu da suka tafi can, ta ce za ta yi tunani, mijinta da ta bari a gida ya gaji da zaman kaɗaici. Kafin nan, ni ke juya Baba Anghel ƙarfe goma da sha biyu da biyu. Inna Veta na tsaye a kaina: "Kama kafaɗa, malamin adabi, ba littafi kake buɗewa ba." Gyambon ya fara tsukewa. Baba Anghel ya ce hannuna sanyi.
Har yanzu ƙa'idarsu shirme ce. Na dai gyara wani suna a wayata, don kada wani ya gani.