Sunan 'Yar Farin Iya Dumbulwa

Madina,
4 ga Maris, 1979.

Azumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da 'yar rigimarmu Sharifa. Ni ma lafiya lau, sai kewarku.

Na samu aikin tafinta a hutun makarantar nan, wajen wani Bature ɗan ƙasar Danmak mai shirya finafinai. Sunansa ya gagari harshena, na sa masa Dogo. Shekara talatin yana wannan sana'a. Ya fara da masunta na garinsu, sannan masu haƙar kwal, yanzu kuma ya biyo sawun mutanenmu da suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Tun da ba Musulmi ba ne, ba ya shiga gari. Yana wani lambun dabino a wajen iyakar Harami, ni nake kai masa tsofaffi daga unguwar Ƙuba.

Aikinsa na ba ni mamaki. Tambaya ɗaya zai yi, ya ja bakinsa, ya bar na'urar tana kallon fuskar mutum. Na tambaye shi dalili, ya ce sai mutum ya gaji da shirun yake faɗin gaskiya.

Jiya na kai masa Iya Dumbulwa mai sayar da ƙosai. Ashe 'yar Auyo ce, maƙwabciyarmu! Shekara hamsin da suka wuce ta bar 'yarta ta fari a hannun dangin miji, don yarinyar ba ta isa tafiya ba. Mijin ya rasu a hanya, a Sawakin ta ƙasar Sudan, ita ba ta sake komawa ba. Ta zaci fim ɗin zai je gida 'yar ta gan ta. Na gaya mata a Danmak za a nuna shi, amma matata na Haɗeja, in ta ba mu suna za ki nemo ta. Azumi, tsohuwar nan ta ƙi. Wai ita ta kama sunan 'yar fari? Na ji haushi, sai na tuna ke ma har yau "yarinyar nan" kike ce wa Sharifa.

Ki gaida kowa.

Naki,
Abdussamad.

Madina,
11 ga Maris, 1979.

Azumina,

Ina gaisuwa, Allah ya sa kuna lafiya.

Mun koma da Iya. Na yi wa Dogo bayanin alkunya, ya riƙe kai, ya yi ta tambaya: uwa ce fa, me zai faru in ta faɗa? Ya kunna na'ura, muka yi shiru. Iya na murza bakin mayafinta, ni gumi na keto mini. Minti goma cif, har fim ɗin ya ƙare. Dogo ya juya yana canza wani.

A nan ta matso, ta sunkuyar da kai kamar mai laifi, ta faɗa mini sunan a kunne, sau ɗaya. Wallahi sai da na yi hawaye. Dogo bai ji ba, ban kuma gaya masa ba, ba nasa ba ne.

Ki roƙi Baba ya raka ki Auyo ranar kasuwa. Ki nemi gidan Rabo Majemi, nan Iya ta ce ta bar 'yar. In tana raye ta haura hamsin yanzu, tana da tabon ƙuna a hannun hagu. Ki ce mata uwarta na nan da rai a Madina. Sunanta Zinariya.

Mijinki mai jiran amsa,
Abdussamad.