Goodness Ta Kwafe Tambayoyin

Litinin, 2 ga Satumba, 2024
Yaya Yona ya kawo min 'yarsa Goodness daga ƙauye, bayan Kuta. Shekara shida ita ce ta ɗaya a aji. Ranar Laraba za ta yi jarabawar shiga sakandare a nan unguwarmu, Fadikpe. Ya ce in ba ta ci ba, ta koma gona, ga doya ta kusa. Na ce masa haba Yaya, ta ɗaya ce fa!

Laraba, 4 ga Satumba
Ta fito tana murmushi. Wai ta gama kafin kowa.

Juma'a, 6 ga Satumba
Wayyo Allah. Shugabar makarantar ta kira ni ofis, ta miƙo min takardar Goodness. Rubutu kamar na inji. Amma babu amsa ko ɗaya. Tambayoyin ta kwafe tas, har da "rubuta sunanka a nan". Shugabar ta ce, "Madam Alisabatu, yarinyar nan ba ta iya karatu ba. Sai dai aji biyu na firamare." 'Yar shekara goma sha uku!

Da muka dawo na zazzage mata masifa. Ta ce, "Anti, ai haka ake yi." Malaminsu ɗaya ne, aji shida. Sau biyu yake zuwa a mako, ya cika allo, su kwafe, ya hau babur. Wanda rubutunsa ya fi kyau shi ne na ɗaya. Ni kuma na zage ta. Me ta yi?

Lahadi, 8 ga Satumba
A coci ta riƙe littafin waƙa tana rerawa da ka. Ban iya kallonta ba.

Talata, 10 ga Satumba
Ɗinki ya ƙi tafiya, na ɓata wuyan rigar mutane. Me zan gaya wa Yaya? Ƙauye duk an san likita za ta zama. In ta koma, shi ke nan, ta koma. Ɗakina ɗaya, abincin bakina ma da ƙyar. Ba zan iya ba. Wallahi ba zan iya ba.

Alhamis, 12 ga Satumba
Don in huce, na ɗauki allin ɗinki na rubuta mata haruffa a kan tebur. Ta ce, "Anti, wai kowanne da kukansa?" Shekara shida ba wanda ya gaya mata.

Asabar, 14 ga Satumba
Yaya ya bugo waya. Na ce masa sakamako bai fito ba tukuna. Allah ya yafe min.

Na rubuta mata kalma ɗaya. Ta daɗe tana kallo, tana haɗa haruffan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Do... ya. Doya!" Sai ta fashe da kuka.

Ban yanke shawarar komai ba. Ragowar yadi ne kawai na gani, kalar yunifom ɗin firamare, na gwada tsayinta.