Abin da Na Rubuta a Shafin Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidanki da yara. Direban da ya kawo miki wannan takarda zai dawo ranar Laraba, don Allah ki ba shi amsa a rufe. Ban kira ki ba saboda wayar gidan tana aljihun Baba, kuma maganar tasa ce.

Yaya, na yi wani abu, kunya ta hana ni ko cin abinci.

Kin tuna bayan ambaliyar bara, da muka dawo daga makarantar da aka tsugunar da mu, wasu ma'aikata sun shigo unguwa da sikeli da abin awon jini? Bincike suke yi a kan lafiyar mutanen da ruwa ya ci gidajensu. Sun ba kowane gida littafi mai koren bango, kowa da shafinsa. Duk Asabar a cike, ƙarshen wata a kai wa shugabarsu, wadda muke kira Malama, a ɗakin shan magani. Ana tambayar tari da ciwon kai, da kwana nawa barci ya ƙi zuwa, da kwana nawa gaban mutum ya faɗi. Tunda kika tafi ni kaɗai ce mai rubutu a gida, sai aka miƙa mini biro.

Asabar ta farko na tsaya a ƙofar shago da littafin, Baba yana goge katako. Na karanta tambayar tari, ya ce babu. Da na kai ta faɗuwar gaba, sai na tsaya. Ta yaya zan dubi Baba in ce, kana jin tsoro? Bai ko ɗago ba ya ce, “Auta, rubuta lafiya lau.” Na rubuta sifili. Daga ranar ban ƙara tambayarsa ba. Wata goma ke nan ina zuba masa sifili.

Amma ba lafiya lau ba ne. Da hadari ya haɗu sai ya ajiye zarto, ya shiga ɗakin ajiyar katako ya rufe. Na taɓa leƙawa ta tsagar ƙofa, na gan shi a saman tulin katako ya haɗa kai da gwiwa, rigarsa sharkaf da gumi. Ba ya son jin ƙarar famfo. Ya rame, har ya ƙara wa bel ɗinsa huda biyu.

Jiya Malama ta aiko takarda. Wai cikin gida tamanin, shafin Baba ya fi na kowa kyau. Mutumin da ya ceto mutum bakwai daga ambaliya a kan ƙyauren ƙofa, ga shi ya warware sarai. Suna so ya tsaya a taron rufe bincike ranar ashirin ga wata, ya gaya wa jama'a yadda ya yi. Waɗanda shafinsu ya nuna damuwa kuwa an rubuta sunayensu, likita zai riƙa ganinsu duk Talata, kuma ranar taron za a rufe rajistar. Sunan Baba ba ya ciki. Ni na cire shi da hannuna.

Takardar tana cikin jakata, ban karanta masa ba. Ki gaya mini yadda zan yi.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Auta

Auta, uwar 'yan kunya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni ina wanki, a tsaye na karanta ta, kumfa har gwiwar hannu. Lafiyarmu ƙalau, sai ƙaramin da yake haƙori, ya hana kowa sakat.

Wato ke a ganinki ke kaɗai Allah ya ba ido a gidan nan? Me ya sa Inna take ƙure rediyo da zarar gari ya yi duhu? Kin zaci son labarai ne ya kama ta da tsufa? Don kada ya ji ruwa a kan kwano take yi. Tun zuwana na ƙarshe ta gaya mini komai, ta ce kada in gaya miki, wai ke yarinya ce. Kina ɓoye mata, tana ɓoye miki, shi kuma yana ɓoye muku duka. Na yi dariya, sannan na zauna a bakin baho na yi kuka.

To ki saurare ni. Kada ki kai maganar nan waje. Ruwa ya tafi da injin Baba, ya tafi da katakonsa, ya tafi da gadon da ya yi wa Inna da hannunsa. Abin da ya rage masa shi ne yadda mutane suke miƙewa idan ya zo wucewa. Kin san bakin matar mai gyaran keke. A gan shi sau ɗaya a layin likitan nan, kafin la'asar an ce kafinta ya zautu. Wa zai ƙara ba shi aikin rufin gida?

Ki ce wa Malamarki Baba ba ya son magana a taro, shi ke nan. Takardar kuma ki yaga ta. Sifili dai bai taɓa cizon kowa ba. A hankali abin zai sake shi, in Allah ya yarda.

Kuma ki ci abinci, dama can ke kamar tsinken tsintsiya kike.

Ki gaida Inna, ki gaida Baba ba tare da kin yi masa wannan kallon naki na marainiya ba.
Yayarki

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina lafiya, ya aiki. Ni ce 'yar kafinta ta gida mai lamba talatin da ɗaya, wadda take ajiye littafi a kan teburinki ta fita da sauri. Sau biyu na zo yau don in yi miki magana, na juya daga bakin ƙofa. Shi ya sa na rubuta. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya.

Malama, duk abin da ke shafin Babana ƙarya ne, kuma ni na yi ta. Sau ɗaya na taɓa tambayarsa. Sauran a ɗaki nake cikewa. Har biro nake canzawa don kada ki gane rana ɗaya na cike na wata guda.

Yayata ta ce in yi shiru, kuma na yi niyyar bin maganarta. Sai ranar Lahadi wani abu ya faru.

Da rana ne, wata mata ta zo karɓar kujera da 'yarta ƙarama. Baba yana yanka katako, ni ina share ƙurar zarto. Ruwa ya sauko ba hadari ba iska, kamar an juye bokiti a kan kwano. Bai samu shiga ɗakin ajiya ba. Zarton ya goce ya yanke shi a tafin hannu, bai ma ji ba. Ya sunkuci yarinyar ya ɗora ta a saman kabad, yana cewa, “Ku hau sama! Ku hau sama!” Alhali ko tabarmar bakin ƙofa ba ta jiƙe ba.

Yarinyar ta fasa kuka, jininsa duk a rigarta. Uwar ta ce, “Malam kafinta, lafiya?” Sai ya dawo hankalinsa. Ya dubi ƙasa a bushe, ya dubi hannunsa, sannan ya dube ni. Malama, ban taɓa ganin ido irin wannan ba. Na fi son ya mare ni.

Na ce wa matar wasa yake yi da yara. Kin ga, na ƙara wata ƙaryar.

Na ɗaure masa hannu. Da na gama ya ce, “Kin iya ɗauri.” Shi ke nan.

Yanzu ba ya iya riƙe guduma sosai. Ina tunanin da a kan rufin wani gida ruwan ya same shi fa? Mako mai zuwa yana da aikin rufi.

Ina roƙonki abu biyu. Kada ki sa shi ya tsaya a taro ana tafa masa, ba zai iya ba. Kuma ki sa sunansa a cikin masu ganin likita kafin a rufe, amma kada ya san daga bakina ya fito. Idan na ɓata muku bincike ku yafe mini. In akwai hukunci ni za a yi wa.

Na gode. Allah ya ƙara girma.
'Yar kafinta

Zuwa ga 'yar kafinta,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kina lafiya, da mahaifinki da mahaifiyarki. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma rubutunki ba ya buƙatar neman afuwa.

Babu hukunci. Idan akwai laifi, namu ya fi yawa. Mu muka ɗauki tambayar da babba yake jin nauyin yi wa babba, muka ɗora wa yarinya ta yi wa mahaifinta. Sannan na ga sifili wata goma a jere, maimakon in yi shakka sai na yi murna, saboda ina son samun labari mai daɗi ko guda ɗaya. Ni ma na ji kunya. Na cire shafinsa daga lissafinmu, kuma saboda wasiƙarki za mu koma wasu gidajen mu tambayi mutane da bakinsu.

Maganar taro ta wuce. Na soke ta, ba kuma zan faɗa wa kowa dalili ba.

Roƙonki na biyu ne ba zan iya ba. Ba ma rubuta mutum a bayan idonsa. Lafiyarsa ce, shi zai ce yana so. Abin da kika gani yana samun mutane da yawa bayan irin wannan masifa, har waɗanda suka fi kowa jarumta a ranar. Ba hauka ba ne, kuma ana samun sauƙi. Abin da ya faɗa wa likita ba ya fita daga ɗakin.

Na saka sabon shafi a cikin ambulan ɗin nan. Ko in zo shagon da kaina in tambaye shi, ko ke ki karanta masa. Kin fi ni saninsa, ki zaɓa. Ina buƙatar amsa kafin ranar ashirin. Hannun nan kuma a kawo a duba shi, ko da bai yarda da sauran ba.

Ki gaishe da mutanen gida.
Malama

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Ga shafin.

Ni na karanta masa. Da baƙuwa ta tambaye shi, da lafiya lau zai ce. Na same shi yana tsince ƙusa da hannun hagu. Na fara gaya masa abin da na yi wata goma. Na karanta tambayar: a cikin kwana bakwai, kwana nawa gabanka ya faɗi?

Ya daɗe yana juya ƙusa ɗaya a hannu. Sannan ya ce, “Ke nawa kika ƙirga?”

Na ce, “Biyar, Baba.”

Ya ce, “Rubuta bakwai.”

Sauran tambayoyin da kansa ya amsa, yana kallon bango. Ni ma bangon nake kallo. Aikin rufin ya ba wani abokinsa.

Ya ce zai zo ranar Talata, amma da akwatin aikinsa, kuma in wani ya tambaya, benci ya zo gyarawa. Don Allah Malama, ki samo wani benci mai rawa ki ajiye a ƙofar likita.

Na gode.
'Yar kafinta