Idon da kuka yanka ba shi ne mai ciwo ba

Zuwa ga Babban Likitan asibitin birni,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe. Ni ne Tanko na Sukuntuni. Ban yi boko ba, mai rubutun wasiƙa na kasuwar Kankiya ke rubuta mani, na ce kada ya sassauta ko kalma.

Na farko. Da kaka na zo da yana a idon dama. Na hagu lafiyarsa lau. Ranar aiki aka kira wani yaro daga garin Ƙofa mai ciwon idon hagu. Ɗan mutunci ne, ya ce ba ya shiga gaban mai furfura, ya tura ni. Haka muke yi ko a bakin rijiya. Ciki ba wanda ya tambayi sunana. Kuka yanka na hagu, ya mutu.

Na biyu. Na yi ta sintiri har na sayar da tunkiyar ɗiyata a kuɗin mota. Kullum sai a ce ƙaddara ce. Na yarda. Amma da saniyata ta ci dawar maƙwabci, ita ma ƙaddara ce, kuma na biya.

Na uku. Tun ana biyan haraji da sule ni ke nuna iyakokin gonakinmu. Na san inda kakan kowa ya dasa gamba, na san gawon da ya raba gado. Yanzu 'yan'uwa biyu na shirin sare juna kan kunya uku, an jawo ni da sanda zuwa gonar, ban ga komai ba sai hazo.

Na gaji, ranka ya daɗe. Roƙona biyu ne. A biya ni diyyar idona yadda shari'a ta ce, tunda ana cewa arzikin fetur ya zo. Sannan a cire yanar idon dama kafin ruwan shuka, in nuna iyakar nan tun ban mutu da ita ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar maka idanunka biyu. In an kira ni, zan zo. Sai dai wannan karon a tambayi sunana.

Wassalam.

Tanko Sukuntuni