Jinin Shanun Maƙwabci

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya yara? Sammore ya shiga garkena, shanu sai faɗuwa suke, allura ta ƙi ci. Tun da sabon maƙwabcin nan ya sauka da nasa ban sake ganin daidai ba. Nasa kuwa sai sheƙi suke. Likitan dabbobi ya ɗebi jinin nawa da nasa, ga kwalaben nan. Tunda a ɗakin gwajinku kuna karanta gadon ƙwayar cuta, duba min. Da shaidarki zan sa a tashe shi.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa da ladabi. Na duba. Kowace ƙwaya na ɗauke da alamar zuriyarta, kamar yadda kake gane maraƙi da uwarsa. Ƙwayoyin jikin shanunsa dangi ne daban, kuma magani na kashe su. Naka ne suka sauya, suka daina ji. Yaya, tsakaninka da Allah, ƙullin magani ɗaya shanu nawa kake raba wa?

Ka huta lafiya. Ƙanwarka.

*

Malama likita,

Gaisuwa. Wa ya kai miki gulmar rabon magani? Likitan dabbobin ne, ko maƙwabcin ya riga ni zuwa wurinki? Anya ba a musanya kwalaben ba? Baba haka ya riƙa rabawa har ya koma ga Allah, da kuɗin shanun nan kuma kika yi karatun da yau kike min tambayar alƙali. Raina ya ɓaci.

Yayanki.

*

Yaya,

Allah ya huci zuciyarka. Ba wanda ya gaya min, ban ma san fuskar mutumin ba. Na maimaita gwajin da hannuna. Ragaggen magani raunana kawai yake kashewa, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Yanzu ƙudan tsando zai iya kwasar ƙwayoyin shanunka ya kai garkensa. Shi ke cikin haɗari, ka gaya masa. Ina tsoron ka ɗauki alhakin bawan Allah.

Ƙanwarka.

*

Auta,

Gaisuwa. Ɗazu maƙwabcin ya zo da kansa, ya durƙusa a bakin garke. Ya ji abin da nake ta yaɗawa, cewa shanunsa ne suka kawo cutar, ya kuma yarda. Ya ce in yafe masa, gobe zai tashi da iyalinsa.

Na ce na yafe. Ban gaya masa abin da kika gano ba.

Ki sa ni a addu'a, gari bai waye ba tukuna, bai kuma tashi ba.

Yayanki.