Tsintsiyarku Ce Ta Kashe Kajin Goggo

Zuwa ga Malam Ladan, babban mai duba-gari na shiyyar Ƙofar Rini, birnin Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mai riƙe da aikin hukuma, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka, ni ne Mamman Baduku, mai gida na uku a lungun dukawa, wanda leburorinka suka zana wa farar ƙasa a ƙyaure. Na rubuta wagga takarda da hannuna, da ajami, don ban san bokonku ba. Na yi ta uku: ɗaya gare ka, ɗaya ga mai unguwa, ɗaya kuma za a karanta ta a rumfar 'yan kaji. Na faɗa maka tun farko don kada ka ce na yi da kai a bayan ido. Sau biyu na zo wurinka in yi maganar nan tsakanina da kai, sau biyu ka shanya ni a rana.

Na ɗaya, ka san kajin da suka mutu na wa ne.

Damina huɗu ke nan Goggona Hajo, ƙanwar mahaifina, wadda ta goye ni bayan rasuwar uwata, ta bi ayari da ƙafa zuwa aikin Hajji. Ba ta bar saniya ba, ba ta bar gona ba. Abin da ta bari jar kaza ce durgu, mai gajerun ƙafafu, irin da ta gada wurin uwarta. Ta ba ni ita kiwo kamar yadda kowa ya sani: in ta ƙyanƙyashe a raba 'yan tsaki, rabi na mai kaza, rabi na mai kiwo. Da yake fata ce sana'ata, duk ɗan tsakon da ya faɗa rabon Goggo sai in ɗaura masa siririyar jar fata a ƙafa. Ko da Sallah ban taɓa sa wa mai jar fata wuƙa ba. Ranar da matata ta haihu ma, nawa na yanka. Kafin annobar nan kaji ashirin da uku ne a gidana, sha ɗaya masu jar fata.

Na biyu, abin da na yi kafin ka san hanyar gidana.

Da zafi ya fara, ciwon ya shigo shiyyarmu. Kaza ta tsaya tana gyangyaɗi, ta saki fukafukai, ta yi koren zawo, wuya ya murɗe, kafin gobe ta mutu. A kwana shida na rasa tara. Ban jira takardar kowa ba. Na ware masu lafiya na kai su ɗakin awaki. Matattun na haƙa musu rami har ƙugu, na zuba toka, na rufe. Na cusa ciyawa cikin akurki na cinna wuta har ƙasar ta yi ja. Na kankare daɓen da fartanya, na kwashe kashin na kai rami, na watsa toka mai zafi a tsakar gida lungu lungu. Kaskon da suke shan ruwa na fasa shi, na sayo sabo, matata ta jiƙa musu ɓawon maɗaci. Na shafe akurkin da sabuwar ƙasa na bar shi buɗe rana tana dukansa. Haka Goggo take yi tun kafin Nasara ya ga ganuwar garin nan, haka na gani, haka na yi.

Kwana ashirin cur babu wadda ta ƙara mutuwa. Kaji sha huɗu suka rage, goma daga cikinsu na Goggo. Zakara ya koma cara. Na fara barci da daɗi.

Na uku, ran Talatar da ka zo.

Ka zo da hantsi cikin kakinka, da takarda a hannu, da leburori uku, da bokiti ɗaya, da tsintsiya ɗaya, da kwando ɗaya. Daga gidan maƙwabcina Ɗan Ige kuka fito, inda a safiyar nan kaji suke faɗuwa. Na tare ka a zaure, na gaya maka gidana ya warke, na roƙe ka ka leƙa akurkin ka ga aikin wuta da idonka. Ka ce Baturen likita ya ba da umarni a wanke kowane gida, kuma toka aikin duhun kai ne. Na san mahaifinka, Malam Ladan, mun yi sallah sahu ɗaya shekara da shekaru. Na haɗiye maganar, na sa mata suka shige ɗaki, na ba ku hanya. Wannan ba da hanyar ita ce laifina, kuma ina nadamarta.

Ga abin da idona ya gani. Maganin nan naku baƙi mai warin kwalta, wanda in an zuba masa ruwa yake komawa fari kamar nono, ya kusa ƙarewa a gindin bokiti. Leburanka ya nufi randata ya cika bokitin da ruwa, har sai da na hangi gindinsa tangaran. Ruwan randata ke nan kuka yayyafa mini da sunan maganin Bature. Tsintsiyar kuwa da koren kashin kajin Ɗan Ige a bakinta, ɗanye shar. Da ita aka share akurkin da na ƙona, da ita aka share tsakar gidan da na zuba wa toka, da ita aka goge sabon kaskon ruwa. Kwandon nan, mushen kaji ne cike da shi. Aka ajiye shi a tsakiyar gidana ruwa na ɗiga daga gindinsa, leburori suka zauna suka sha furar da na ba su don kunya. Kai kana zaure kana rubutu, ko leƙowa ba ka yi ba.

Da aka gama sai ka ce a fito da kaji daga ɗakin awaki a mayar da su akurki, tunda yanzu an tsarkake shi, a rufe su kwana uku. Na ce ina tsoro. Ka ce mai ƙin umarni gaban alƙali za shi. Na kama kaji sha uku da hannuna na tura su ciki. Kuka zana farar ƙasa a ƙyaurena, alamar gida ya tsarkaka, kuka wuce gida na gaba da tsintsiyarku.

Ran Asabar kaza ta farko ta fara gyangyaɗi. Kafin wata Asabar sha ukun nan duk sun tafi. Ni na sake haƙa rami. Ina kwance jar fata daga ƙafar mushe ina hawaye, da furfurata, a gaban matata.

Na huɗu, kada ka ce zato nake yi.

Gidajen lungunmu da ciwo ya lafa, duk wanda tsintsiyarku ta shiga ya dawo masa sabo fil. Gidan Malam Sambo kaɗai kuka tsallake, don ya tafi ƙauye ya kulle zaure, iyalinsa suka ƙi buɗewa. Je ka tsaya a bayan katangarsa da asuba ka ji zakaru. Mushen da kuka tara kuwa, da ka ce za a ƙone, na bi sawunku na tarar da su a kududdufin bayan ganuwa. Karnuka suna jan su zuwa cikin gari, ungulu na ta shagali. Ko wanzami, da bai taɓa ganin takardar Bature ba, yana wanke askarsa kafin ya ɗora ta a kai na biyu. Ku da ake kira masu tsabta kun zaga shiyya guda da tsintsiya ɗaya.

Na biyar, amsar da ka ba ni.

Zuwana na biyu, bayan na tsaya daga hantsi har azahar, ka aiko masinja ya ce mini mutuwar kaji ƙaddara ce, in yi haƙuri. Na yi imani da ƙaddara tun kana goye, Malam Ladan. Tara na farko ƙaddara ce, na karɓa, ban kai ƙarar kowa ba. Sha ukun nan kuwa na ga ƙafar da ta shigo da ajalinsu, na ga hannun da ya riƙe tsintsiya, na san wanda ya ba da umarni. Kada ka jingina wa Ubangiji ragwancin da ya hana ku wanke kayan aiki. Wallahi amsar nan ta fi mutuwar kajin ƙona mini rai.

Na shida, abin da ya sa ban yi shiru ba.

Kaza ɗaya ta rage. Durgu ce, ja, jikar wadda Goggo ta bari, da jar fata a ƙafarta. Ranar da kuka zo tana kwanci ƙarƙashin gadon matata, matata ta rufa baki, ni ma na rufa. Na faɗa yau da bakina, in laifi ne ka rubuta. Ɓoyon nan ne ya tsirar da ita. Tana kan ƙwai tara, saura kwana kaɗan ta ƙyanƙyashe.

Shekaranjiya mai shela ya zaga ya ce ran Alhamis za ku dawo zagaye na biyu, kuma wannan karon ɗaki ɗaki za a shiga a fito da duk kazar da aka ɓoye. A ranar kuma wani falke ya kawo mini labarin ya baro ayarin su Goggo a hanya, tana raye, za su iso kafin ruwan fari. Na san tsohuwar nan. In ta sha ruwa ta gaisa da mutane, akurki za ta leƙa.

Saboda haka ga buƙatuna.

Ka sa a ƙone tsintsiyar nan da kwandon nan a gaban mai unguwa. Duk gidan da za ku shiga, mai gida ya ba da tsintsiyarsa, leburori su wanke ƙafa da hannu a ƙofa. In magani ya ƙare a ce ya ƙare, a daina shayar da akurkin mutane ruwan randa. A kwashe mushen kududdufi a binne da toka. Ka gaya wa Baturen likita gaskiyar abin da ya faru a lungunmu. In kana jin nauyi, ka kai ni, bakina bai mutu ba.

Gidana kuwa ku tsallake shi. Ban nemi diyya ba, babu abin da za ka ba ni da zai zama kazar uwar Goggo. Ran Alhamis za ka tarar da ni zaune a bakin zaure, ba sanda, ba wuƙa. In dogari za ka kira, ka kira, in gaban alƙali ne, mu je. Amma tsintsiyar nan ba za ta ƙetare ni ba.

In kuwa ka sa aka ɗauke ni da ƙarfi, aka shiga, kazar nan ta mutu, ba ni zan yi wa Goggo bayani ba. Zan kamo hannunta, da ƙafafunta da suka taka hanyar Makka, in kawo ta ƙofarka, kai ka gaya mata ƙaddara ce. Jar fata goma na kwance daga ƙafar kajinta. Tara suna cikin ƙoƙo a ɗakina. Ta goman ita ce wadda ta faɗo a cinyarka sa'ad da ka warware takardar nan. Ka riƙe ta har ran Alhamis.

Allah ya ba ka lafiya, ya buɗe maka ido a kan aikinka, ya sa kada a taɓa ba ka amana wani ya shigo da takarda ya hallaka ta. Allah ya yaye wa garin nan annoba, da ta sama da ta bokiti.

Wassalam.

Mamman Baduku,
Lungun dukawa, shiyyar Ƙofar Rini.