Takardar Sigarin da Ka Cusa a Motata

Munzali,

Na fita kana barci. Gara haka, don da na tashe ka da ba mu rabu lafiya ba.

Jiya da la'asar na ɗauko Inna daga Gwaram zan kawo ta asibiti. Na fita zan wuce wata tirelar hatsi ke nan, sai motar ta mutu. Wuta ta ɗauke gaba ɗaya, sitiyari ya ƙage, birki ya yi tauri, ga wata bas ta taho mana gaba da gaba. Allah ne ya sa direban ya sauka gefen titi. Inna sai salati take, ta riƙe min hannun riga.

Mai wayarin da na kira ya duba motar ya nuna min aikinka. Ashe jiniyar da ka ɗaura ranar kai ƙanwarmu Rufaida ɗakin mijinta ta ƙona fiyus, sai ka cusa takardar sigari mai ƙyallin nan a gurbinsa. Ita ta narkar da wayoyin. Motar tsere ce fa, ba a-kori-kura ba! Kuma da na tambaye ka, ka kalli idona ka ce wanki kawai aka yi mata.

Na tafi jawo motar. Kada ka kira ni.

Ka tashi ka je asibiti, an ba Inna gado, jininta ya hau. Tun jiya take cewa wani maƙiyi ne ya sa wa motar hannu. Kai za ka faɗa mata sunansa da bakinka.

Yayanka,
Balarabe